Farin garin da ke cikin filastar ciwon baya: halinsa, aikinsa da wanda zai iya cutarwa

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa kayan shafe-shafe, ya aiko mini da wannan tambaya:

"Malam, barka da war haka. An kawo mana wani farin gari a wurin aiki, a jikin durom ɗin an rubuta aluminum glycinate. Wai da shi za mu gwada yin filastar sanyaya goshin yara. Da na koma gida sai na ga wani dogon suna mai alminiyam a jikin kwalin filastar ciwon baya da Hajiyarmu take liƙawa, ita kuwa likita ya ce ƙodarta ta fara rauni. Abu ɗaya ne? Mene ne shi, me ake yi da shi, kuma in hana ta liƙawa ne?"

Barka kadai, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Idan dogon sunan da ka gani shi ne dihydroxyaluminum aminoacetate, to abu ɗaya ne da garin da ke durom ɗinku. Dogon shi ne sunan yanka, na jikin durom ɗin laƙabi. Batun hana ta kuwa, kada ka yi gaggawa. Alminiyam ɗin da ke cikin filasta ba zai hana ni barci ba. Abin da Hajiya take haɗiya ya fi damuna, sai kuma maganin kashe zafin da aka zuba a cikin filastar. Zan zo kansu, amma sai ka san halin garin tukuna, domin hali ɗaya gare shi, kuma daga nan amfaninsa da haɗarinsa duk suka fito. Yana riƙe alminiyam gam, ba ya sakinsa sai ya gamu da tsami, ko a nan ma da kaɗan-kaɗan yake saki.

Rabinsa gilaisin ne, mafi ƙanƙanta a cikin amino asid ashirin da jiki yake gina furotin da su. Ka san romon ƙafar saniya idan ya kwana a tukunya lokacin sanyi, yadda yake daskarewa yana rawa? Kusan kashi ɗaya cikin uku na tubalan wannan daskararren abu gilaisin ne. A 1820 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Henri Braconnot, ya dafa irinsa da asid ɗin salfa, ya samu wasu fararen ƙwayoyi masu zaƙi, kuma daga kalmar zaƙi ta Girkanci aka ciro sunan daga baya. Ƙwayar gilaisin hannu biyu gare ta. Ɗaya na asid ne, shi ke kama ƙarfe. Ɗaya kuma mai naitirojin ne, shi ke karɓar tsami ya shanye. Shi kuwa alminiyam, in yana cikin gishiri, caji uku yake ɗauke da shi, ka ce gurabe uku ne masu neman abokin zama. A garin nan haidiroksaid ya cike biyu, gilaisin ya zauna a na ukun.

A takarda ana rubuta garin C2H6AlNO4, nauyin ƙwayar sinadarinsa 135 a ma'aunin masana sinadarai. Alminiyam ya ɗauki 27 daga ciki, wato kashi ɗaya cikin biyar, naitirojin kuma 14, ya ɗan haura kashi 10 cikin 100. Ka riƙe kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan, za mu yi lissafi da shi. Sai dai abin da ke takarda ya fi abin da ke durom tsari. Garin kasuwa yana ɗauke da ɗan ruwa a jikinsa, ƙwayoyin alminiyam ɗinsa a sarƙe suke da juna ta hanyar haidiroksaid, kuma akan sami ɗan ragowar gilaisin da oksaid ɗin alminiyam a ciki. Shi ya sa durom biyu masu suna ɗaya suke iya ba ka hali biyu.

Fari ne, ba shi da wari, an ce yana da ɗan zaƙi-zaƙi, amma ba na son in ji ka ɗanɗana. Ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a sifirit. In ka zuba giram 1 a mililita 25 na ruwa ka auna, pH ɗin, ma'aunin tsami ke nan, ya kamata ya tsaya tsakanin 6.5 da 7.5, wato babu tsami babu kaifin soda. Gobe ka gwada wannan a ɗakin gwajinku, minti goma ya ishe ka. Ka kaɗa ɗan garin a ruwa, zai yi fari kamar farau-farau, in ka bar shi ya kwanta a ƙasa. Ka ɗiga asid ɗin haidirokulorik mai ruwa-ruwa kana kaɗawa, za ka ga farin yana gushewa har ruwan ya yi garau. Sai ka koma ɗiga ruwan sodar sabulu a hankali. Wani farin abu mai yauƙi zai taso kamar gajimare, haidiroksaid ɗin alminiyam ke nan. In ka ci gaba da ɗigawa, shi ma ya narke ya ɓace. Asid na cinsa, soda mai ƙarfi na cinsa, a tsakiya ne kawai yake zaune lafiya. Ka sa tabarau da safar hannu, soda ba ta da mutunci.

Yanzu ka kwatanta shi da alif ɗin da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Shi ma gishirin alminiyam ne, amma yana taɓa ruwa yake narkewa, ya zubar da alminiyam ɗinsa gaba ɗaya, ya sa ruwan tsami da bauri. Alif ba shi da haƙuri. Haƙurin da garinku yake da shi shi ne abin da ake saye da tsada.

Asalinsa don ciki aka yi shi. A 1944 John Krantz da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland ta Amurka suka fitar da bayaninsa a matsayin maganin tsamin ciki. Matsalar da suke son warwarewa ita ce haidiroksaid ɗin alminiyam yana aiki sosai in yana ruwa-ruwa a kwalba, amma in aka busar da shi don a yi ƙwaya, yana daɗewa a ajiye yana ƙara taurin kai, har ya zama ya shiga ciki ya fita bai kashe wani tsamin kirki ba. Wanda aka haɗa da gilaisin bai cika yin wannan tsufa ba. Hanyar haɗa shi da aka fi sani ita ce a narka aisofurofoksaid ɗin alminiyam a zuba a ruwan gilaisin, garin ya kwanta, sifirit ɗin aisofurofanol ya fita a matsayin saura. Saboda haka in ka buɗe durom ka ji warin sifirit ya bugi hancinka, ba a busar da kayan yadda ya kamata ba.

A cikin tumbi, inda pH yake wajen 1 zuwa 2, ƙwayar sinadari ɗaya ta garin tana iya shanye har ƙwaya huɗu na asid: haidiroksaid biyu su ɗauki biyu, gilaisin ya ɗauki biyu. Kuma yana rage kaifin tsamin ne ya tsaya, ba ya zarcewa ya mai da cikin ruwan soda, ba ya kuma tara iska. Wanda ya taɓa jiƙa kanwa ya sha don ƙwannafi ya san bambancin, domin kanwa kabonet ce, tana gamuwa da asid take tashin kumfa, sai gyatsa, sai kumburi, ga gishirin sodiyam da take lafta wa mai hawan jini. Aibin garinku a ciki shi ne na duk gishirin alminiyam, yana sa taurin bayan gida. Shi ya sa kusan kullum za ka gan shi tare da gishirin maganiziyam, wanda shi kuma sakin ciki yake yi, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Yau dai omefurazol da danginsa sun ƙwace wannan kasuwa, garin ya koma ɗan rakiya.

Rakiyar da ya fi suna a kanta ita ce ta asfirin. Bufferin ya daɗe yana amfani da haɗin wannan gari da kabonet ɗin maganiziyam, kuma a Japan an yi ƙwayar Bufferin mai miligiram 81 na asfirin ɗauke da miligiram 11 na garin da 22 na kabonet ɗin. Haɗin yana sa asfirin ya narke da wuri. Cewa yana kare tumbi daga gyambo da zubar jini kuwa, talla ta fi gaskiya yawa a wurin, domin asfirin ta cikin jini yake yin mafi yawan ɓarnarsa, yana hana jiki yin sinadaran da ke kare fatar tumbi. Mai olsa kada ya ruɗu da abin da aka rubuta a kwali.

To, mu zo kan filasta, inda abincinka yake, kuma inda garin ya fi ba ni sha'awa.

Filastar ruwa-ruwa, ko ta sanyaya goshi ce, ko ta ciwon baya, ko wadda mata ke liƙawa a ƙarƙashin ido, ginshiƙinta ɗaya ne: ruwa, gilisarin, da foliyakirilet ɗin sodiyam. Wannan na ƙarshen dogon zare ne wanda aka jera masa hannuwan asid daga farko har ƙarshe, kowanne da caji mai neman ƙarfe. In ka jiƙa shi kaɗai, yauƙi za ka samu kamar miyar kuɓewa, mai danƙo amma mai malala, ba zai zauna a kan ƙyalle ba. Ana bukatar abin da zai ɗaure zare da zare ya zama raga mai riƙe ruwa. Alminiyam da gurabensa uku shi ne maɗaurin, yana kama hannun wannan zare ya haɗa da na wancan.

Sai ka ce me zai hana a yi da alif mai arha? Ka je ka tsaya wajen mai awara. Madarar waken suya tana tafasa, ta zuba ruwan tsami, wasu ma alif ɗin suke sawa, kafin ka ƙifta ido madarar ta kama ta rabu da ruwa. A wajenta haka ake so. A wajenka kuwa asara ce. In ka zuba narkakken alminiyam a kan foliyakirilet, duk inda ya fara taɓawa nan take zai ɗaure, ka tashi da gudaji masu tauri suna yawo a cikin yauƙin da bai ɗauru ba. Ba abin da za ka iya shimfiɗawa.

Garinku kuwa, tunda ba ya narkewa, sai ka barbaza shi a gilisarin tare da foliyakirilet ɗin, ya bazu ko'ina kowa na barci. A wani mazubin ka narka ɗan asid ɗin tatarik a ruwa. Wannan asid ba baƙonmu ba ne, shi ne tsamin da ke cikin tsamiya. In ka haɗa biyun kana tuƙawa, zaren zai sha ruwa ya kumbura, tatarik kuma ya fara lasar garin yana ɓanɓaro alminiyam da kaɗan-kaɗan, daidai wa daida a kowane lungu. Wannan jinkirin shi ke ba ka damar fitar da iska, ka shimfiɗa a kan ƙyalle, ka rufe da leda, ka yanka, ka sa a ambulan. Ɗaurin yana ci gaba bayan ka gama, awoyi har kwanaki, shi ya sa ba a yanke wa filasta hukunci ranar da aka yi ta. In mai tuwo ta yi talge kafin ta zuba gari, dabarar ɗaya ce: a hana wani wuri kamawa kafin sauran.

Akwai na uku a cikin wasan, wani sinadari mai kama ƙarfe da ake kira EDTA. Shi birki ne. Yana cafke alminiyam ɗin da ya fara fitowa ya riƙe, sai ya ƙoshi sannan zaren ya fara samun rabonsa. Ka duba jerin kayan filastar Lidoderm, ta kamfanin Teikoku na Japan, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1999. Za ka ga su duka a jere: garinku, asid ɗin tatarik, EDTA, foliyakirilet, gilisarin, har da farar ƙasa ta kawolin. Filastar dikulofenak ta Flector ita ma tana da garin. Ba shi ne maganin ba a cikinsu, shi ne ya tsayar da ɗakin da maganin yake zaune.

Adadin da ake sawa bai cika kai kashi 1 cikin 100 na haɗin ba, kuma a cikin wannan ɗan taƙi ne sana'ar take. In ya yi kaɗan, filastar za ta bar yauƙi a fatar mutum in an ɓare, ta kuma riƙa malalowa ta gefe a cikin ambulan. In ya yi yawa, za ta yi tauri kamar ganda, ta ƙi liƙewa, ta fara tsattsafar da ruwa. Na ɗanɗana kuɗata a nan. A wani wuri da na yi aiki mun sauya mai kawo mana garin, takardar gwajinsa ta yi kyau, ba wanda ya kula cewa sabon ya fi tsohon laushi nesa ba kusa ba. Gari mai laushi kuwa ya fi saurin narkewa a tsami. Ga shi watan Afrilu ne, ɗakin ya ɗauki zafi. Haɗin da yake ba mu kusan awa guda muna shimfiɗawa ya kama tun muna gyara ƙyalle a kan inji. Na tura cokalin tuƙi na ji ya dawo mini kamar na danna tayar keke. Ranar da hannu muka riƙa yanko shi daga mazubi, har la'asar muna kankara kamar masu cire ƙanzo. Tun daga nan ba na yarda da sabon durom sai na yi ɗan gwaji na giram 200 da agogo a gabana, ina taɓawa duk minti biyar ina rubutawa.

Tunda filastar goshin yara za ku yi, bari in faɗi abin da ke raina. Ruwan da ke cikinta ne yake tashi ya sanyaya fatar wurin, iyakarta ke nan. Ba ta sauke zafin da ke cikin jiki, ba ta kashe ƙwayar maleriya. In kuka rubuta a kwali abin da zai sa uwa ta liƙa ta kwanta ba ta kai yaro gwaji ba, alhakin yana wuyanku. Ku kuma rubuta cewa kada a bar jariri da ita ba mai kallo, domin tana iya zamewa ta rufe hanci da baki.

Sauran ayyukansa ba su da yawa. Masu kayan kwalliya suna sa shi a abin rufe fuska mai ruwa-ruwa, aikin dai ɗaya ne da na filasta. In ka ga ɗan kasuwa ya jero maka masana'antu goma sha da wai ake amfani da shi, ka raba biyu ka zubar da rabi. Yana da 'yan'uwa da ake yawan rikita su da shi. Wanda ya fi yawo shi ne na maganin zufar hammata, mai alminiyam da zakoniyam, wanda sunansa ke ƙarewa da gly. Wannan yana narkewa a ruwa, yana da tsami, aikinsa toshe bakin ƙofofin gumi na ɗan lokaci, gilaisin kuma an sa shi ne don ya rage kaifinsa ya hana shi daskarewa. A Amurka an hana sa zakoniyam a na fesawa tun 1977 saboda illarsa ga huhu. Kada ka ɗauki takardar haɗarin wannan ka ɗora wa naka, ko ka ɗauki ta naka ka ɗora masa.

Yanzu Hajiya.

Alminiyam shi ne na uku a yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 8 cikin 100, kuma jiki ba shi da wani aiki da yake yi da shi. Kullum muna cinsa a abinci da ruwa da shayi, amma hanji ya iya korarsa: abin da ke shiga jini bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100 ba, ɗan abin da ya shiga kuma ƙoda ke tacewa ta fitar a fitsari. Fata mai lafiya ta fi hanji rowa. A wani gwaji na 2001 da aka shafa wa mutane gishirin alminiyam na maganin zufa a hammata, kashi 0.012 cikin 100 ne kawai ya ratsa. A filasta kuwa ɗan alminiyam ɗin da ke ciki a ɗaure yake da zare. Shi ya sa na ce kada ka tayar wa Hajiya da hankali a kansa, muddin ba a kan rauni ko fatar da ta saluɓe take liƙawa ba.

Haɗiya ita ce wata magana. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci ya sa iyaka a 2011: miligiram 2 a kowane kilo na nauyin mutum a mako. Hukumar kula da abinci ta Turai ta fi tsanani, a 2008 ta ce miligiram 1. Mace mai kilo 60, miligiram 120 ke nan a mako a ma'auni na farko. Ƙwayar maganin tsamin ciki mai miligiram 500 na garinku tana ɗauke da wajen miligiram 100 na alminiyam. Ka ga ƙwaya ɗaya ta kusa cinye rabon mako. Wannan iyaka ta abincin da za a ci tsawon rayuwa ce, saboda haka mai lafiyayyar ƙoda da ya sha na 'yan kwanaki babu komai. Wadda ƙodarta ta yi rauni kuwa, abin yana shiga ba ya samun ƙofar fita, sai ya nemi masauki a ƙashi da ƙwaƙwalwa.

Ba a littafi aka koyi wannan ba, a kan gadon asibiti aka gani. A shekarun 1970 ana ba masu wankin ƙoda haidiroksaid ɗin alminiyam da yawa don ya kama fosfet a hanjinsu, ruwan da ake wankin da shi kuma na famfo ne wanda aka tace da salfet ɗin alminiyam. Sai aka ga wasunsu sun fara in'ina, magana na sarƙewa, gaɓoɓi na fizga, sai farfaɗiya, sai gushewar hankali, da yawa suka mutu. A 1976 Allen Alfrey da abokan aikinsa a Denba suka nuna alminiyam ne ya taru a ƙwaƙwalwarsu. A Niyukasil ta Ingila kuma ƙashi ya riƙa laushi yana karyewa. Da aka gyara ruwan wankin aka rage wannan magani, cutar ta kusa ɓacewa. Wanda ya riga ya tara ana ba shi defaroksamin ya janyo shi daga jiki. Wannan tarihi ne ya sa har maganin zufa a Amurka ake rubuta masa cewa mai ciwon ƙoda ya tambayi likita. Batun da ke yawo cewa alminiyam ke kawo cutar mantuwa ta tsufa kuwa, an shafe shekaru ana bincike ba a tabbatar da shi ba.

Ka tuna na ce tsami ne mabuɗinsa? A hanji ma haka ne, kuma mabuɗin da ya fi kowanne haɗari shi ne sitiret, tsamin lemo. Sitiret yana rungumar alminiyam ya hana shi kwanciya, ya raka shi har cikin jini, shigar ta ninka sau da yawa. Lemon tsami, lemon zaƙi, ƙwayoyin da ake jefawa a kofi su yi kumfa, da ruwan sitiret ɗin fotasiyam da ake ba masu zafin fitsari, duk ɗaya ne a wannan fuska. Mai raunin ƙoda da ke shan maganin olsa mai alminiyam yana korawa da ruwan lemo ya haɗa abu biyun da bai kamata su haɗu ba.

Hannun da ke kama foliyakirilet a filasta kuma shi ne ke kama wasu magunguna a hanji ya hana su shiga jini. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sifurofuloksasin, wanda ake sha kamar gyaɗa da sunan taifod. In aka haɗa shi da maganin tsamin ciki mai alminiyam da maganiziyam, har kashi 90 cikin 100 na iya tafiya a banza, sai a ce maganin jabu ne. Ƙa'idarsa a sha shi awa 2 kafin na cikin, ko awa 6 bayansa. Dolutegirabir, wanda yanzu mafi yawan masu shan maganin ƙanjamau a ƙasar nan suke kai, ƙa'idarsa ke nan shi ma, kuma sakaci a nan tsadarsa ta fi ta taifod. Tetirasaikilin da doksisaikilin, ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe, da lebotairoksin na masu maƙoƙo duk suna cikin jerin. Wanda ya ɗau watanni yana sha kullum kuma, ko ƙodarsa lafiya lau, alminiyam zai riƙa kwashe masa fosfet a hanji har jiki ya yi sanyi ƙashi ya yi laushi.

A wurin aiki abin da sauƙi. Garin ba ya kama wuta da kansa, ba ya ƙuna fata, ƙurarsa ce abin kiyayewa. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar miligiram 1 a kowace kubik mita ta iska ga ƙurar alminiyam mara narkewa mai iya isa huhu, kuma in ka zazzage buhu a rufaffen ɗaki kana ganin farin hayaƙi, ka daɗe da wuce nan. Takunkumi mai tace ƙura, tabarau, ɗiba da cokali maimakon zazzagewa, goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Ba cin abinci a ɗakin awo. Ka rufe durom ruf, musamman da damina, ka nisanta shi da asid da soda. In gobara ta ci shi, ɓangaren gilaisin ne zai ƙone ya ba da hayaƙi mai oksaid ɗin naitirojin, farar tokar alumina ta rage. Ga mai kawo muku kaya, ka nemi takardar gwajin wannan durom ɗin kansa, mai lamba iri ɗaya da wadda ke jikinsa: yawan alminiyam, yawan naitirojin, ruwan da ke fita in an busar, pH, ragowar aisofurofanol, ƙarafa masu guba, da girman ƙwayoyin garin. Wannan na ƙarshen ba su cika rubutawa ba sai ka matsa. Za ku bukaci takardun nan ma in kun je rajista a NAFDAC.

Ka koma ka karanta kwalin filastar Hajiya, wannan karon ka nemi sunan maganin da ke sama da manyan baƙi. In dikulofenak ne ko wani ɗan gidansu, to dangin magungunan da ke takura wa ƙoda ne. Abin da ke shiga jini ta fata kaɗan ne in aka kwatanta da ƙwaya, amma ga mai raunin ƙoda likitanta ne zai ce e ko a'a. In lidoken ce irin ta Lidoderm, awa 12 ake liƙawa a cire awa 12, kuma kada a wuce uku a lokaci guda. Kowacce ce, kada ta yi gashi da ruwan zafi a kanta, zafi yana buɗe wa maganin hanya fiye da kima.

Ranar da za ta koma asibiti ka tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, har da farin ruwan olsar nan da ke kan durowa wanda tsofaffi ba sa lissafa shi a magani, da kanwar in tana jiƙawa, da kwalin filastar. Ka zazzage su a gaban likitan ƙodar, ka ɗaga kwalbar farin ruwan ka ce masa ya duba ko da alminiyam ko maganiziyam a ciki, ka kuma gaya masa tun yaushe take sha da sau nawa a rana. Ka gaishe ta.